Tsofaffi Biyu a Bayan Mashin Ɗina

In dai ina numfashi, akwai wata tafiya da ba za ni taɓa mantawa da ita ba. Na yi shekaru ina kabu-kabu tsakanin Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye. Na ɗauki buhunan gero, na ɗauki raguna, na ɗauki amare da marasa lafiya, duk sun bi ruwa a kaina, ko fuskokinsu ba na iya tunawa. Wadda ta zauna daram ita ce tafiyar da na yi da mahaifiyata da wata tsohuwar Bayarabiya, su biyu a bayana, zuwa wani ƙauye da ke bayan Kamarawa a tsakiyar damina. Kafin in kai ku ga wannan ranar sai na fara ba ku labarin wautar da na tafka, don da ita aka fara.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne a wajen Tsamaye. Noman gero da dawa muka gada, ni ne kaɗai na kauce na kama mashin. Wata safiya da hantsi, ina can Sabon Birni wajen aiki, mutanen daji suka shigo garinmu a kan mashina masu yawa. Inna ta faɗa cikin wani tsohon rumbu ta ja murfi, ta zauna a ciki tun daga hantsi har la'asar. Ba ta ga komai ba, kuma wani lokaci ina ganin da ta gani da ya fi mata sauƙi. Ji kawai take yi: ƙarar mashina suna kai da komo, su matso, su yi nisa, su sake matsowa. A ranar muka rasa Baba. Bayan an yi sadakar uku na kwaso Inna na dawo da ita Sabon Birni, wani bawan Allah ya ba mu aron ɗakuna biyu a can ƙarshen gari, cikin wani lungu.

Ta gama takaba, jikinta ya ɗan murmure, amma kunnenta bai bar wannan rumbu ba. Inna mace ce mai baki, wadda a da in tana magana a bakin rijiya sai mata su ajiye guga don dariya. Sai ga ta ta koma ƙuryar ɗaki ta yi tsit. Ko daga nesa ta jiyo mashin, in tana cin tuwo sai lomar ta tsaya a hannunta. In kuwa ya shigo lungunmu, sai jikinta ya ɗau ɓari, gumi ya karyo mata, ta dunƙule hannuwa ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. To ku duba ku gani, ɗanta da ke ciyar da ita da mashin yake nema. Dole na riƙa ajiye shi a gidan wani abokina, in tako da ƙafa, kamar mai dawowa daga sata. Mun yi addu'a, mun karɓo rubutu, ta sha, kuma na shaida tana samun barci a kansa. Ƙarar nan dai ita ce ta ƙi sakinta.

Ana cikin haka ƙanwata, autarmu, wadda ke aure a bayan Kamarawa, cikinta na fari ya tsufa. A al'ada gida ya kamata ta zo goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego na kwana arba'in. To wane gidan? Garinmu ya watse, nan kuma aro muke, sannan dangin mijin suka ce ba za su ɗora mai tsohon ciki a kan wannan hanya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Uwar mijin ta daɗe da rasuwa, gidan babu wata babbar mace. Kullum yarinyar nan sai ta bugo waya tana kuka, tana cewa ita dai Inna take so. Inna kuwa sai ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Ina nan tahe, ɗiyata, in Allah ya so." In ta ajiye sai ta juya fuska ga bango. Ta sani, na sani, da damina mota ba ta shiga ƙauyen nan. In ba a kan mashin ba, babu hanyar da za ta ga jikanta.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, har yau ban gama warkewa ba. Wata rana a inda muke tsayawa jiran fasinja na kawo zancen, kowa ya kawo tasa. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya daɗe yana horon shanun huɗa kafin ya kama mashin, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Ɗan bijimin da ke tsoron garma, ɗaure shi ake yi a jikinta, ya yi tsalle ya yi tsalle, in ya gaji ya saba. Ya ce in shigar da mashin har tsakar gida in tayar, in bar shi yana ruri, kafin a jima za ta gane ƙarfe ne kawai. Maganar ta shige ni. Ban tsaya na tuna cewa uwata ba bijimi ba ce.

Washegari da rana tsaka na turo shi har ƙofar ɗakinta, na buga kik, na murɗa totur iya ƙarfina. Ina ta ɗaga murya ina cewa, "Inna, ni na! Hito ki gani, ni na!" Na yi kamar minti biyu a haka, ina jin kaina likita. Da na kashe na leƙa, ban gan ta a kan tabarma ba. A bayan randa na same ta, ta matse a wani ɗan sarari da ko akuya ba za ta shiga ba, idanunta a buɗe amma ba ni take gani ba, leɓɓanta suna motsi da sunan Baba. Na miƙa hannu in ɗago ta, ta janye jikinta daga gare ni. Wallahi tunda nake ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan ranar ba. Kwana biyu ba ta ci komai ba sai ruwan kunu.

A bakin kasuwa akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ta buɗe ɗan shagon magani. Bayarabiya ce, amma ta fi shekara talatin a Gobir, Hausarta ta fi ta wasunmu, kowa Iya yake ce mata. Na je wurinta da niyyar in sayo maganin barci ko wani abin da zai kwantar wa Inna da hankali. Ta ce in faɗa mata abin da ya faru, na kwashe duka na faɗa, har da na tsakar gida. Ta cire tabarau ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai Bagobiri na ko?"

Na ce eh.

"Ai na gani. Ku komi sai da ƙarhi. Da tuwo na da wuya, da kun shaƙe shi kahin ku ci. Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ta ce in lanƙwasa shi kamar na ɗago jarkar mai, in ƙanƙame. Ta kama ɗayan hannuna ta ɗora a kan ƙwanjina, ya yi tauri. Ta mayar da shi bayan damtsen, na ji naman wurin laushi tuɓus. Sai ta ce in miƙe hannun kamar ina tura ƙofa. Nan take na baya ya ɗaure, na gaba ya saki. Ta ce haka aka koya musu a makarantar koyon jinya: duk gaɓar da ke jikin mutum tsoka biyu ke aikinta, mai lanƙwasawa da mai miƙewa, kuma duk lokacin da ɗaya ta kama aiki, saƙo na fita daga laka zuwa ga ɗayar cewa ta saki. Ba don haka ba, da ko loma mutum ba zai iya kaiwa baki ba. Ta ce shi ya sa in jijiyar sha-raɓa ta ɗaure wa mutum, ba dukan wurin ake yi ba, cewa ake ya ɗago yatsun ƙafarsa sama da kansa, sai ta baya ta saki.

"To zucciya ma haka take," in ji ta. "Tsoro da sakin jiki ba su zama tabarma guda. In wanga ya zamna, wancan tashi yakai. Kai ka tahi kana jan hannun da yad dunƙule, shi ko ƙara dunƙulewa yakai. Mi innarka ta hi so duniya, wanda in tana cikinai takan mance kanta?"

Na shekara talatin da wani abu ina cin tuwon matar nan, amma sai da na yi dogon tunani. Daga ƙarshe na ce ita dai a da ba ta da abin da ta fi so irin tsokana da ba'a, ba a taɓa kayar da ita a baki ba. Iya ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan, Allah ya kawo ta hannun uwargijiyarta." Ta ƙi sayar mini da ko ƙwaya ɗaya, ta ce in gaya mata kwatancen gida.

Wanda bai zauna a ƙasarmu ba zai yi mamakin wannan magana. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun na kaka da kakanni. Kowane ɓangare cewa yake ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da suka faɗa wa juna ba a fushi, wanda ya yi fushi ma shi ya faɗi. Bagobiri na gaske ko yana kan gadon asibiti ba zai bari Bayarabe ya yi masa ba'a ya tafi da ita ba. Da wannan Iya ta zo gidanmu washegari da la'asar, da ƙaton ɗaurin kallabinta, ko sallamar kirki ba ta gama ba ta ɗaga labule.

"Ina baiwar tawa da aka ce ta zo gari ba ta zo gaishe ni ba?"

Inna ta ɗago ta dube ta, ta mayar da kai. Iya ta nemi wuri ta zauna, ta yi ta zuba ita kaɗai: wai Gobirawa ba su san miya ba sai kuka, wai an yi musu zane a fuska ne don kada su ɓace wa iyayen gidansu a kasuwa. Ni ina tsakar gida ina jin kamar in nutse, ina cewa a raina yau na jawo wa uwata wata masifar. Har ta tashi tafiya Inna ba ta ce uffan ba. Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku Iya ta zo da ɗan kwano na miyarsu mai manja da barkono ta ajiye, ta ce ta kawo ne don baiwarta ta ɗanɗana abincin 'ya'yan sarauta. Can sai na ji wata murya da na yi wata da watanni ban ji ba, a shaƙe amma da kaifinta.

"Ɗauke man manjanki da tonka. Wanga miya ko hukunci? Ku da kuka hwaɗa da murya ko gaisuwa kukai, har ke ad da bakin zancen sarauta?"

Iya ta fashe da dariya har da buga cinya. Ni kuwa na shige bayan ɗaki na share hawaye da hular kaina.

Daga nan aka shiga aikin, kuma Iya ta kafa mini doka. Kullum da la'asar, in ta shiga ɗaki hira ta yi zafi, za ta yi mini filashin a waya. In na gani, in tayar da mashin a can bakin famfo, nesa da lungunmu, in bar shi yana aiki a hankali ba tare da na taɓa totur ba. In ta sake filashin, in kashe nan take. Ba ta ɓoye wa Inna ba, ta gaya mata ƙarara cewa ɗanta ne zai riƙa tayarwa, kuma duk lokacin da ta ce a kashe za a kashe. Ranar farko ko ƙirga goma ban yi ba wayata ta haska. Iya ta ce da ƙarar ta zo Inna ta tsaya cak a tsakiyar magana, ita kuwa ta ce mata, "A'a, Gobir gidan hwaɗa, ƙarasa mana, ko bakin ya mutu?" Inna ta ƙarasa zagin da ta faro.

Haka muka yi ta yi. Yau a bakin famfo, bayan kwana biyu a gindin darbejiyar masallaci, bayan wasu kwanaki a bakin lungu. Ni duk abin ya ishe ni, ina ƙirga kwanakin ƙanwata ina ganin muna tafiyar hawainiya. Wata rana na ce bari in taimaka, na tsallake wurin da aka ce in tsaya na matso har kusa da zaure. A ranar Inna ta koma bayan randa. Iya ta fito ta same ni, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa. Gobe ka koma bakin hwanho." Muka sake farowa daga can, na yi asarar kusan mako guda da hannuna.

Amma abin yana ci. Wata rana aka ce in turo mashin tsakar gida a kashe in jingine. Ya kwana biyu a nan Inna tana zagaye shi daga nesa, a na uku na dawo na tarar ta shanya yankakkiyar kuɓewa a faifai a kan kujerarsa. Iya ta zo ta sauke faifan, ta haye ta zauna ta harɗe, ta ce ai hawan wannan sai 'ya'yan manya, bayi a ƙasa suke bi. Inna ta ce, "Sauka ki gani." Ta tattare zane ta hau, tana haki, tana dariya, hannunta ɗaya riƙe da kafaɗar Iya. Bayan kwana biyu aka tayar da shi tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ta runtse ido, ta dafa bango, amma ba ta gudu ba, har ta iya ce wa Iya kallabinta ya fi injin ƙara.

A lissafin Iya saura kamar mako ɗaya: a tayar tana kai, a zagaya da ita lungu, sannan a fita titi. Sai haihuwa ta ƙi jiran lissafinmu. Wata safiya mijin ƙanwata ya bugo, ya ce ta sauka, an samu namiji, amma ta sha wuya, maƙwabta ne ke ɗan leƙo ta, kuma ba ta bar kiran Inna ba. Inna ta ɗaure kayanta a ɗan ƙunshi ta fito tsakar gida. Ta dubi mashin. Ta ce, "Ko za ni mutuwa bisa hanya, ka kai gawata ta gani." Na ruga na kira Iya. Na kawo shawarar mu hau mota zuwa Isa, Iya ta ce a'a, zaman jiran mota ta cika a tasha, cikin mashina ɗari, ya fi tafiyar kanta wuya. Ta daɗe tana kallon ƙasa, har na zaci wani magani take tunani. Sai ta ce, "Jira ni in rufe shago. Ba ni barin baiwata ta tahi ita ɗai, sai ta ɓace."

Muka hau mu uku, ni a gaba, Inna a tsakiya, Iya a baya a kan kariyar ɗora kaya da aka shimfiɗa wa zane, ƙunshin kaya a kan tanki. Da na buga kik na ji Inna ta damƙi rigata har ƙwalar ta shaƙe ni, goshinta ya manne a bayana, ina jin bugun zuciyarta. Kafin in sa giya Iya ta fara. Ban taɓa jin mutum ya yi magana mai tsawo haka ba tare da ya huta ba. Ta zagi furarmu, ta zagi jakunanmu, ta ce ni kaina tuƙina irin na masu jan amalanke ne. Da farko Inna ba ta amsa sai da kalma ɗaya ɗaya. Muna fita gari gero ya rufe hanya dama da hagu, kore shar, iska mai sanyi tana bugunmu, sai amsoshin suka fara tsawo. Duk lokacin da wani mashin ya taho daga gaba sai riƙon ya ƙaru, Iya ta ƙara murya, in ya wuce in ji yatsun sun ɗan saki.

A wani wuri tsakanin Sabon Birni da Isa, inda hanya ta yi kwana kusa da wani tsohon kwalbati, muryar Iya ta tashi fiye da ko'ina. Ta shiga wata waƙar ba'a da yarensu, tana yi tana fassara wa Inna, muryar har tana karyewa. Inna ta ce, "Ke, wagga murya ko ta gwauron jaki! Yi shiru kar ki kore muna ruwan bana." Ni ma sai da na yi dariya. Muka wuce Isa, muka sauka daga kwalta muka shiga taɓo, sau biyu suna sauka in tura. Wajen Kamarawa na lura rigata ta daina shaƙe ni. Hannun Inna yana kan kafaɗata a buɗe, tana nuna wa Iya wata gonar dawa tana cewa mai ita rago ne, bai yi maimai ba, ciyawa ta rufe ta.

Azahar ta yi muna shiga gidan. Na tsaya a tsakar gida, Inna ta sauka, ko kallona ba ta yi ba ta faɗa ɗakin mai jego. Na ji ƙanwata ta ƙwala kira, "Inna!" sai kuka, sai muryar Inna tana cewa ya isa, ga ta ta zo, ina aka ajiye itacen wanka, wa ya ce a ba mai jego ruwan sanyi. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na juya in yi wa Iya godiya, sai na ga ba ta motsa daga jikin mashin ba. Da ƙyar na taimaka mata ta taka zuwa ƙofar ɗakin, ta zame ta zauna a dokin ƙofa. Fuskarta ta yi fari fat, hannuwanta biyu sun dunƙule a kan bakin mayafinta. Na ce ko bayanta ne, tafiyar ta yi tsawo. Ta girgiza kai.

"Wurin kwalbatin nan," ta ce a hankali, "nan mutanen daji sunka tare motar su maigidana. Shekara huɗu ke nan. Tun ran nan ban sake bin hanyag ga ba."

Na san mijinta ya rasu, duk gari an sani, har na taɓa jin yadda abin ya faru. Amma damuwata ta rufe mini ido, ko sau ɗaya ban kawo shi a raina ba. Ashe duk surutun nan da na ɗauka na Inna ne kaɗai, rabi nata ne. Na durƙusa na kama hannunta ina ƙoƙarin ɓanɓare yatsun daga mayafin, ina cewa ta saki, an iso, babu komai. Ko motsi ba su yi ba.

Sai na ji an buge mini hannu. Inna ce, ta ji komai daga ciki. Ta ce, "Kauce, kai har yau ba ka koyi komi ba." Ta koma ta ɗauko jaririn a naɗe cikin zane, ta durƙusa a gaban Iya, ta miƙa mata shi daidai ƙirji, ta yi kamar za ta saki.

"Karɓi ubangidanki, Bayarabiya. Bagobiri na, ki riƙe shi da ladabi."

Ina kallo yatsun nan suka buɗe da kansu, ɗaya bayan ɗaya, suka tallabi kan yaron. Iya ta dube shi, ya yamutsa fuska ya yi hamma. Ta ce, "Dubi hanci, wallahi mummuna kamar kakarshi," sai hawaye suka zubo mata. Inna ta zauna a gefenta a dokin ƙofar, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta. Na fita waje na ba su wuri.

Iya ba ta dawo ba sai bayan suna, Inna ta hana ta. Ita ta duba ƙanwata, ita ta nuna yadda za a kula da cibiyar yaron, Inna kuma ta riƙe tukunyar wanka da kunun kanwa har aka yi arba'in. Ba za ni ce muku tsoron ya tafi gaba ɗaya ba. Har Inna ta koma ga Allah, in mashina suka wuce da yawa a tare takan kama tasbaha. Amma ta hau bayana sau da yawa bayan wannan, kuma ba ta sake shiga bayan randa ba. Daga baya wani ma'aikacin lafiya da na ɗauka ya gaya mini abin da Iya ta yi yana da suna a littattafan likitoci, ya faɗa da Turanci, kafin mu kai inda za shi na manta.

Abin da ban manta ba shi ne darasin. Duk wanda tsoro ko baƙin ciki ya dunƙule, ba a buɗe shi da ƙarfi, ko da ƙarfin na ƙauna ne. Nemo masa ake yi abin da ba a iya riƙewa da dunƙulallen hannu, a miƙa masa, a yi haƙuri ya buɗe da kansa. Na kuma koyi in riƙa duban wanda ya zo taimakona da kyau, don sau da yawa mai ba ka dariya a kan hanya shi ma da nasa kwalbatin da yake tsoron wucewa. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba da mijin Iya, ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri.